Samuel Ajayi Crowther: Yaron da aka musanya da doki ya zama bishof, amma ya rasu ba shi da iko da makarantun da ya gina

A watan Agustan 1890, a garin Anacha da ke bakin kogin Kwara, wani dattijo da ya haura shekara 80 ya zauna a kujerar shugaban kwamitin kuɗi na mishan ɗin da shi da kansa ya kafa shekara 33 kafin wannan rana. Tare da shi a zauren akwai samarin Turawa 'yan mishan da ba su daɗe da sauka daga Ingila ba. A gaban idonsa suka shiga karanto tuhume-tuhume a kan limaman coci da malaman makaranta 'yan Afirka da ya horar, suna neman a dakatar da su ɗaya bayan ɗaya. Da dattijon ya tunatar da su cewa dakatar da limami hurumin bishof ne, sai sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya nuna masa cewa shi ne wakilin hedikwatar ƙungiya da ke Landan, inda albashin kowa ke fitowa. Kafin a watse daga taron an dakatar da ɗan cikinsa, Dandeson, shi kuma ya ajiye shugabancin kwamitin.

Wannan dattijo shi ne Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishof a cocin Angilika, masanin Girkanci da Latin, wanda ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, kuma mai digirin girmamawa na Jami'ar Oxford. Shekara 68 kafin taron Anacha, yaro ne ɗaure da sarƙa a wuya a gaɓar tekun Legas, yana jiran jirgin da zai kai shi kasuwar bayi. Tarihinsa na cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan abin da makaranta za ta iya yi wa yaron da ba shi da kowa. Haka nan yana nuna abin da kan faru idan kuɗin makarantar, da ginin, da ikon ɗauka da kora duk suna hannun wasu da ke ƙetaren teku.

Safiyar da aka ƙone Osogun

An haifi Ajayi wajajen shekarar 1809 a garin Osogun, a cikin jihar Oyo ta yanzu. Ya taso a lokacin da daular Oyo ke wargajewa. Tun bayan tawayen Afonja a Ilorin, ƙasar Yarbawa ta faɗa cikin yaƙe-yaƙe, kuma kamun bayi ya zama babbar hanyar da mayaƙa ke samun dukiya. A farkon shekarar 1821, da safe mata na shirya karin kumallo, rundunar mahara ta kewaye Osogun. A wasiƙar da ya rubuta a 1837 yana ba da labarin rayuwarsa, ya bayyana maharan a matsayin gamayyar Musulmin Oyo, da Fulani, da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu. Mahaifinsa ya fita kare gari, daga ranar ba a sake ganinsa ba. An kama Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, aka sa musu igiya a wuya, aka cinna wa garin wuta.

Da aka zo rabon ganima, sai aka raba iyalin. Wanda Ajayi ya faɗa hannunsa ya musanya shi da doki, bayan wata biyu dokin bai gamsar ba, aka warware cinikin aka mai da shi. Daga nan ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu, daga kasuwa zuwa kasuwa, ana musanya shi da taba da barasa da sauran hajojin Turawa. Tsoron kada a sayar da shi ga Turawan Fotugal ya sa ya yi yunƙurin kashe kansa. Abin da yake tsoron ne ya same shi. A Legas ya shafe watanni a ɗaure tare da manya da yara, sarƙa ɗaya ta ratsa wuyansu duka.

Ranar 7 ga Afrilun 1822 aka loda su a jirgin Fotugal mai suna Esperança Feliz. Jirgin bai yi nisa ba jiragen yaƙin Birtaniya biyu, Myrmidon da Iphigenia, suka tare shi. Birtaniya, wadda ta daɗe tana kan gaba a wannan fatauci, ta haramta shi ga 'yan ƙasarta a 1807, sannan ta baza jiragen sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da Ajayi ya ga tarin harsasan igwa da naman alade a rataye a jirgin Turawan Ingila, ya ɗauka kawuna da naman 'yan uwansa ne da aka yanka. A watan Yunin wannan shekara aka sauke shi a Freetown, babban birnin Saliyo.

Daga bencin kafinta zuwa nahawun Girkanci

Freetown ta wancan zamani matattara ce ta mutanen da aka ƙwato daga jiragen bayi. Dubun-dubatarsu aka zube a can, Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa da Barebari da sauransu, ba dangi, ba harshe ɗaya. Gwamnatin mulkin mallaka ta rarraba su a ƙauyukan da ke kan duwatsun bayan birni, ta miƙa tarbiyyar yaran ga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wato CMS, wadda aka kafa a 1799. An kai Ajayi ƙauyen Bathurst, hannun wani malami Thomas Davey da matarsa. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, har aka naɗa shi mai lura da aji. A gefe guda ya koyi aikin kafinta a wurin John Weeks, wanda daga baya ya zama bishof na Saliyo.

Ranar 11 ga Disamban 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, wani limamin coci a Landan kuma ɗan kwamitin CMS. A 1826 iyalin Davey suka tafi da shi Ingila, inda ya yi 'yan watanni a wata makaranta a unguwar Islington. Da ya dawo a 1827, sunansa ne na farko a rajistar sabuwar makarantar horar da malamai da CMS ta buɗe a Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta, kuma ita ma malamar makaranta ce. Sun rayu tare kimanin shekara 50.

Tsarin karatun da Fourah Bay da makarantun da suka biyo bayanta suka ɗauka shi ne wanda 'ya'yan masu hali ke samu a Ingila: Littafi Mai Tsarki a tsakiya, kewaye da nahawu, da lissafi, da tarihi, da harsunan Girkanci da Latin, daga baya aka ƙara Ibrananci da Larabci. Hikimar tsarin ita ce, wanda ya laƙanci nahawun tsofaffin harsuna zai iya karanta nassi daga tushensa ba tare da jiran tafinta ba, kuma zai saba da kafa hujja da warware ta. Tun a lokacin akwai Turawan da ke ganin ɓata lokaci ne a koya wa 'yantattun bayi Girkanci, suna cewa fartanya da zarto sun ishe su. Crowther, wanda ya riƙe zarton kuma ya riƙe littafin nahawun, ya ci gaba da nazarin Girkanci da Latin yana koyarwa a ƙauyuka, daga baya ya koma Fourah Bay a matsayin malami.

Amfanin wannan horo ya bayyana ne a inda masu shirya shi ba su fi zato ba, wato a harsunan Afirka. Ɗalibin da ya san yadda ake rarrabe aikatau da suna a Girkanci ya juya da wannan ilimi kan harshen uwarsa. A wannan makaranta ce kuma Bajamushe S. W. Koelle ya tattara kalmomin harsunan Afirka fiye da 100 daga bakin 'yantattun bayi, ya kuma rubuta nahawun Barbarci da taimakon Ali Eisami, mutumin Barno da bauta ta jefa Saliyo. A 1876 Fourah Bay ta ƙulla alaƙa da Jami'ar Durham, ta fara ba da digiri.

Tafiyar da ta sauya lissafi

A 1841 gwamnatin Birtaniya ta aika jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su haura kogin Kwara. Tunanin ɗan majalisa Thomas Fowell Buxton ne ya haifar da tafiyar: a kashe cinikin bayi ta hanyar ƙulla yarjejeniya da sarakuna, da buɗe kasuwar auduga da manja, da yaɗa Kiristanci. CMS ta tura mutum biyu, Crowther da Bajamushe J. F. Schön, wanda ya duƙufa kan nazarin Hausa. An kafa gonar gwaji a Lokoja, amma zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse.

Darasin da CMS ta ɗauka shi ne, Bature ba zai iya zama a cikin wannan ƙasa ba, sai dai a dogara da 'yan Afirka. Ma'ana, sauro ne ya buɗe wa Crowther ƙofar da ƙwazonsa kaɗai ba lalle ya buɗe ba. Aka kira shi Ingila ya yi karatun tauhidin Kirista, a 1843 Bishof na Landan ya naɗa shi limami. A shekarar ce littafinsa na kalmomi da nahawun Yarbanci ya fito, a shekarar ce kuma Schön ya wallafa nasa na kalmomin Hausa. A watan Janairun 1844 Crowther ya jagoranci ibada da Yarbanci a Freetown.

Uwa a Abekuta, Sarauniya a Windsor

A 1845 ya sauka a Badagry tare da Henry Townsend da C. A. Gollmer, a watan Agustan 1846 suka shiga Abekuta. Makonni kaɗan da isarsa aka kawo masa wata tsohuwa. Mahaifiyarsa ce, Afala, bayan shekara 25 da rabuwa. Ya gano ƙannensa mata ma. A 1848 aka yi wa mahaifiyar baftisma da sunan Hannah, ta kuma rayu a kusa da shi har zuwa 1883.

A Abekuta ya zurfafa aikin fassara. Yakan zauna da dattawa, da masu bautar gargajiya, da malaman Musulmi, yana sauraron yadda suke sarrafa magana, yana rubuta karin magana da kalmomin da ke neman ɓacewa. Ya dage sai an riƙa sa alamomin karin sauti a rubutun Yarbanci, domin ba tare da su ba kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'anoni da dama. Da ya nemi kalmar da zai kira limamin coci, sai ya ɗauki alufa, wadda Yarbawa ke kiran malamin Musulmi da ita. A watan Disamban 1862 gobara ta cinye gidansa na Legas tare da rubuce-rubucen da ya shafe shekara 11 yana tarawa. Ya sake sabon lale. A tsakiyar shekarun 1880 aka kammala cikakken Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, kuma daidaitaccen rubutun harshen a yau daga wannan aiki ya samo tushe.

Akwai wani babi da masu yabonsa kan yi saurin wucewa. A 1851 sakataren CMS, Henry Venn, ya kira shi Landan domin ya shawo kan gwamnati ta tsoma baki a rikicin sarautar Legas, inda Sarki Kosoko ke hulɗa da masu fataucin bayi. Crowther ya gana da ministan harkokin waje Palmerston, ya kuma gana da Sarauniya Biktoriya da mijinta a fadar Windsor. A watan Disamban wannan shekara jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta, aka tuɓe Kosoko aka naɗa Akitoye. Bayan shekara 10 Birtaniya ta mallake garin. Ga mutumin da aka ɗaure da sarƙa a wannan gaɓa, rufe kasuwar bayi ta Legas ya fi ƙarfin komai. Sai dai ta wannan kafa ce mulkin mallaka ya fara shigowa ƙasar da daga baya aka kira Najeriya.

Makarantun bakin kogi

A 1854 ya sake haura Kwara da Binuwai tare da Dakta William Baikie a jirgin Pleiad. A wannan karo an riƙa shan maganin kwinin a kai a kai, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. A 1857 ya kafa Mishan ɗin Neja, wanda ma'aikatansa duka 'yan Afirka ne, akasarinsu 'ya'yan 'yantattun bayi daga Saliyo. Ya ajiye J. C. Taylor, wanda iyayensa Ibo ne, a Anacha, shi kuma ya wuce arewa. Jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe. Crowther ya shafe fiye da shekara guda a ƙasar Nufe, ya mayar da zaman jiran lokacin nazarin harshe. Daga nan ne littafin koyon karatu na Nufanci ya fito a 1860, nahawu da ƙamus kuma a 1864, bayan na harshen Ibo da ya fitar a 1857.

Duk inda ya sauka, makaranta yake fara buɗewa. A Lokoja, makarantar Holy Trinity da aka kafa a 1865 ita ce ake ɗauka makarantar firamare ta boko ta farko a yankin da ya zama Arewacin Najeriya. Ɗaliban farko a irin waɗannan makarantu galibi ba 'ya'yan sarakuna ba ne. Marayu ne, da 'ya'yan bayi, da yaran da aka fanso daga hannun fatake, domin masu faɗa-a-ji da yawa sun fi son su gwada sabon abu a kan ɗan wani kafin nasu. Bayan ƙarni guda, zuriyar waɗannan yara na cikin malamai da akawuna da lauyoyin ƙasar.

A Bonny, inda Sarki William Dappa Pepple ya gayyace shi a 1864, Crowther ya kafa wani sharaɗi mai muhimmanci: gari zai biya rabin kuɗin kafa mishan da makaranta. Sarakunan ciniki na yankin suna da nasu buƙatar. Turanci da lissafi suke so 'ya'yansu su iya, domin kada Turawan da ke sayen manja su riƙa cutarsu a awo. Shi kuma ya fi son yaro ya fara karatu da harshen uwarsa. An daidaita a tsakani. Abin lura shi ne, wuraren da jama'a suka zuba kuɗinsu, kamar Bonny, su ne suka iya tsayawa da ƙafafunsu lokacin da rikici ya ɓarke.

A Legas kuwa, surukinsa Thomas Babington Macaulay ya buɗe makarantar sakandare ta CMS ranar 6 ga Yunin 1859 da ɗalibai shida, da tallafin wani attajiri ɗan Afirka, J. P. L. Davies. Ita ce sakandare mafi daɗewa a Najeriya, kuma an koyar da Latin da Girkanci a cikinta. Townsend na cikin waɗanda ba su yi maraba da irin wannan karatu mai zurfi ga 'yan Afirka ba, yana ganin zai sa su girman kai.

Bishof a fadojin Musulmi

Mutumin da Musulmi na cikin waɗanda suka ƙone garinsu yana da dalilin riƙe ƙiyayya. Crowther bai bi wannan hanya ba. Tun yana matashi a Saliyo ya lura cewa jayayya mai zafi da Musulmi ba ta haifar da komai sai gaba. Saboda haka yakan shiga fada da ladabi, ya nemi izini kafin ya kafa tasha, ya miƙa kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya amsa tambayoyi ba tare da aibata addinin mai masaukinsa ba. Ya yi doguwar hulɗa da Etsu Nufe Masaba a Bida, kuma a 1872 ya amsa tambayoyin malamai a fadar Sarkin Ilorin.

Bai ɓoye cewa burinsa yaɗa Kiristanci ba ne, sarakunan ma sun sani, kuma ba su bar addininsu ba. Duk da haka an samu amana. A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa wasiƙa yana kukan cewa barasar da Turawa ke shigowa da ita tana lalata ƙasarsa, yana roƙon ya isar wa Sarauniyar Ingila a hana. Sarkin Musulmi ne ya ga cewa bishof na Kirista shi ne amintaccen da zai kai masa kuka.

Rawani ba iko

Henry Venn ya yi imani da cewa aikin ɗan mishan shi ne ya kafa cocin da za ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta, sannan ya tattara ya ƙara gaba. A kan haka ya matsa, duk da adawar Townsend da ma ɗari-ɗarin Crowther kansa, har aka naɗa shi bishof ranar 29 ga Yunin 1864 a babbar cocin Canterbury. Cikin mahalarta akwai Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin Myrmidon da ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce.

Amma an yi wa naɗin gefe. Yankinsa shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya. Legas ba ta ciki, kuma Turawan mishan na ƙasar Yarbawa ba a sa su ƙarƙashinsa ba, domin sun nuna ba za su bi umarnin baƙar fata ba. Aka bar shi da tashoshi warwatse a tsawon ɗaruruwan mil na kogi, ba jirgin kansa, yana dogara da jiragen 'yan kasuwa, ba kwalejin horar da malamai ta kusa, ga albashi ƙanƙane da ke zuwa daga Landan. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya yi garkuwa da shi da ɗansa Dandeson kusa da Idah, kuma mataimakin jakadan Birtaniya, William Fell, ya rasa ransa wajen kuɓutar da su.

Matsaloli na gaske sun kunno kai. Wasu ma'aikatan mishan sun tsunduma cikin kasuwanci, wasu an same su da lalata. Mafi muni, a 1877 wasu ma'aikata a Anacha suka azabtar da wata yarinya da aka fanso daga bauta har ta mutu, kuma sai a 1882 aka hukunta su a kotun Freetown. Yarinyar na cikin irin yaran da aka kafa mishan ɗin domin kare su. Crowther mutum ne mai sanyin hali da ya fi karkata ga gyara a kan kora, ya kuma daɗe yana sa ido daga nesa. Wannan rauni ne na haƙiƙa, kuma abokan hamayyarsa sun kama shi da hannu biyu.

Guguwar 1890

Kafin nan zamani ya juya. Venn ya rasu a 1873. Kwinin ya sa Bature na iya zama a bakin kogi, don haka dalilin dogara da 'yan Afirka ya kau. Ra'ayin fifikon launin fata ya samu gindin zama a Turai. George Goldie ya haɗe kamfanonin Birtaniya da ke kogin a 1879, ya ture 'yan kasuwar Afirka, a 1886 kamfaninsa na Royal Niger ya samu izinin mulki. A 1879 aka ɗauke ikon kuɗin mishan daga hannun Crowther aka ba wani kwamiti a Legas. A 1880 wani Bature, J. B. Wood, ya rubuta rahoton tuhuma a kan ma'aikatansa, aka aika Landan ba tare da waɗanda ake zargi sun ga cikakken abin da aka rubuta a kansu ba. Mai doki ya fara komawa kuturi.

A 1890 wasu samari masu zafin aƙida suka iso Lokoja ƙarƙashin J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, da nufin kutsawa ƙasar Hausa. Sun sa riga da rawani, suna koyon Hausa. Brooke haihuwar 1865 ne, wato jikan Crowther, Herbert Macaulay, ya girme shi. A ganinsu cocin da suka tarar ta cika da Kiristocin suna kawai, makarantu kuwa suna haifar da masu son abin duniya. Suka kori mabiya da dama daga coci. Aka kawar da Henry Johnson, ɗan Afirka masanin Larabci da ke shugabantar Lokoja. Makarantar horar da malamai da aka sha wahalar ginawa a garin aka rufe ta, aka sayar da ginin ga kamfanin Goldie. Daga nan sai taron Anacha. Cikin ƙanƙanin lokaci akasarin ma'aikatan Afirka na mishan ɗin an kore su, ko an dakatar, ko sun ajiye aiki, mai laifi da marar laifi a kwando ɗaya.

Cocin Bonny da maƙwabtanta, waɗanda suka saba biyan kuɗin kansu, suka yanke shawarar ɓallewa daga ikon kuɗin CMS. Crowther ya amince, amma bai ga ranar ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a tsakiyar 1891, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamban wannan shekara. A watan Afrilun 1892 Dandeson ya ƙaddamar da cocin yankin Neja Delta mai cin gashin kanta. Robinson ya riga bishof ɗin rasuwa a 1891, Brooke ya bi a watan Maris na 1892, dukansu a Lokoja, ba tare da sun kai Kano ko Sakkwato ba.

Abin da ya bari

Bature aka naɗa ya gaje shi. An riƙa ba 'yan Afirka muƙamin mataimakin bishof, amma sai da aka shafe kimanin shekara 60 kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe cikakken yanki a cocin Angilika ta Najeriya. Ɗaya daga cikin samarin 1890, H. H. Dobinson, ya fito fili ya nemi gafara bayan 'yan shekaru. A watan Yunin 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, shugaban cocin Angilika na lokacin, Justin Welby, ya amsa a Canterbury cewa an zalunce shi.

Abin da samarin ba su iya ƙwacewa ba shi ne abin da ya riga ya shiga kan ɗalibai. Wulaƙancin da aka yi wa Crowther ya fusata 'yan bokon Legas da Freetown, ya ƙarfafa kafa coci-cocin 'yan Afirka zalla, ya kuma shiga cikin abubuwan da suka haifar da kishin ƙasa. Jikansa Herbert Macaulay, wanda ya yi karatu a sakandaren da mahaifinsa ya buɗe, ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923, ya zama shugaban NCNC a 1944. Yana rangadin yaƙi da tsarin mulkin Richards ne ciwo ya kama shi a Kano, ya rasu a Legas a watan Mayun 1946.

Har yau miliyoyin yara a Najeriya, akasarinsu a Arewa, ba sa zuwa makaranta, kuma wani ɓangare na ƙoƙarin kai musu ilimi na tafiya ne da kuɗin ƙungiyoyin addini da na agaji daga ƙetare. Rayuwar Crowther ta warware tambaya ɗaya: yaron da aka tsinta a ƙasan jirgin bayi ya iya Girkanci, ya rubuta nahawun harsuna, saboda haka ba hujjar rage wa ɗan talaka karatu da sunan ya fi ƙarfinsa. Ta kuma bar wasu tambayoyin ga duk al'ummar da ke karɓar irin wannan taimako: sunan wa ke kan takardar filin makaranta, wa ke biyan malamai, wa ke da ikon korarsu, kuma me zai rage ranar da mai bayarwa ya sauya ra'ayi. Lokoja ta rasa makarantar horar da malamanta a shekara guda. Bonny, da ta biya rabin kuɗi tun daga farko, ta riƙe nata.

An binne shi a maƙabartar Ajele da ke Legas. A 1971 gwamnatin jihar ta tashi maƙabartar domin gina ofisoshi, daga baya aka kwashe ƙasusuwansa zuwa harabar babbar cocin Angilika da ke titin Marina, a bakin ruwan da aka loda shi a jirgi yana ɗan shekara 13.